Jikar Maman Sani a Filin Lilo

Jirgin lilo na tsayawa, yara suka zubo kamar an buɗe akurki. Maman Sani ta kutsa cikinsu ta cafko hannun jikarta.

Kashegarin Sallah ne, Tasawa kaf ta juye a filin wasan yaran. Maigidanta Malam ya tafi sallar la'asar ya bar ta da amanar, amanar kuwa ba ƙarama ba ce. Raihana shekararta huɗu, shekaranjiya aka kawo ta daga Yamai, zuwanta na farko ke nan. Sai da Maman Sani ta yi wata uku tana roƙon ɗanta Sani kafin matarsa ta yarda, da sharaɗin ko ƙofar gida ba za a bar yarinyar ita kaɗai ba. Don murna ta ɗinka mata atamfar da ake yayi bana, wadda rabin 'yan matan garin suka saka, ta ɗora mata ɗan farin hijabi.

Ba su yi taku goma ba ta lura da wani mutum. Dogo ne, da jar hula, yana ture mutane, idonsa a kan yarinyar.

Ta ratse wajen masu sayar da alewa, ya ratse. Ta zaga bayan injin wuta, sai ga shi. Labaran masu satar yara da take ji a rediyo tana taɓe baki, yau ga su da ƙafafunsu.

Yarinyar ta fara tirjewa tana kuka, tana kiran Baba.

"Yi haƙuri, uwata, Baba na Yamai," in ji Maman Sani, ta saɓe ta a kafaɗa. Gwiwar da ta shekara tana hana ta ruku'u, yau ba ta ce uffan ba.

Ta ji yana ɗaga murya a bayanta, amma kiɗan lasifika ya haɗiye maganar, ita ma ba ta da niyyar saurare. A bakin ƙofa ta haye kabu-kabu ko ciniki babu, ta ce wa mai babur ya kai ta wurin 'yan sanda. Da ta waiga ta hango jar hular a kan wani babur, tana matsowa. Tsoro ya kama ta sosai. Ba ta kanta take ba, tunaninta da wane baki za ta gaya wa Sani.

Kusan tare suka isa. Ta faɗa ciki tana haki, ta nuna shi da yatsa, ta ce ga ɓarawon da ya biyo jikarta tun daga filin wasa. 'Yan sanda biyu suka riƙe shi. Mutumin ya jiƙe da gumi, ya buɗe baki, numfashi ya hana shi magana.

Babbansu, wani dattijo mai sanyin hali, ya ce kowa ya dakata. Ya durƙusa gaban yarinyar, ya gyara mata hijabin da ya rufe rabin fuskarta, ya tambaye ta sunanta.

Ta ja majina, ta miƙa hannu wajen mai jar hula.

"Huda," ta ce. "Ku sakar mini Babana."