Gidan da Ya Koyi Mama

"Mama, ƙarfe nawa kike kunna fitilar baranda?"

Japheth ne ke tambaya, yatsansa a kan maɓallan farin akwatin da ya kawo daga Abuja ya kafa a bangon falo.

"Shida da rabi, tun babanka na da rai."

"Rediyo fa?"

"Biyar, kafin addu'ar safe."

Ya danna, ya sake dannawa. Injin jan ruwa, fankar ɗaki, duk ta faɗa masa tana murmushi. Wata uku suna rigima a kan ta bar gidanta na Hanwa ta koma wurinsa. Ga shi yau ya haƙura, har yana neman hutar da gwiwoyinta.

Da yamma fitila ta kama da kanta. Mama Janet ta tafa hannu, ta leƙa waje don ta kira maƙwabciyarta ta ga abin mamaki.

Jakunkunanta ta hango a bayan motarsa.

"Japheth, mene ne wannan?"

Bai ɗago kai ba. "Ke kika ce in kin tafi ɓarayi za su gane gidan ba kowa. Yanzu ba wanda zai san ba kya nan."