Ranar da Hausar Latifu Ta Gyaru

Shekarar da aka ce 'yan Dahome su koma gida, Indo ta iske Latifu a tashar Tawa, zaune bisa akwatinsa. Ɗan Dahome ne, malamin lakkwal, wato makarantar boko, kuma ita ta koya masa Hausa. Kuskure guda ya gagare ta gyarawa: ko tafiyar wata zai yi, sai ya ce mata, "Sai an jima." Kullum takan yi dariya.

Ya miƙe, ya kasa haɗa ido da ita.

"Indo, akwai wuri cikin motar. In kin yarda, a ɗaura mana aure a Kotonu."

Ta dubi motar, maƙil da maƙwabtan jiya. Ta tuna Innarta makauniya, da ba ta da kowa sai ita.

"Inna fa, Malam? Wa zan bar ma ita?"

Direba ya tada mota. Latifu ya ɗauki akwatinsa.

"To, Indo, sai wata rana."

"Ba haka kake cewa ba."

"Ke kika koya mini."

Har motar ta sha kwana tana nan tsaye ita kaɗai.

"Sai an jima," ta ce a hankali. Ba mai gyara mata.