Hannun Injiniya Ba Ya Ƙarya

Sau bakwai Injiniya yana danna maɓallin wayar, sau bakwai tana kallonsa baƙa ƙirin kamar bayan tukunya. Yana tsaye a bakin titi, gumi na bin ƙeyarsa. Dattijon da ya sayar masa da ita kuwa, ko ƙyallinsa babu.

Ba injiniyan gaske ba ne, 'yan layi ne suka laƙaba masa sunan, shi kuma bai taɓa musawa ba. Shekara goma sha biyu yana gyaran waya a wani ɗan shago ƙarƙashin bene. A teburinsa akwai ƙaramin sikeli, da gwangwanin guntayen dalma, da kwalbar jan farcen da ya ɗauke wa matarsa. Da shi yake ɗiga alama a cikin duk abin da ya fita daga hannunsa, wai kada wani ya ci sunansa. Duk ranar Alhamis yakan ja labule ya yi aikin wani mai baƙar jaka, wanda ke karɓar kwali guda ya biya ba ciniki. Daga nan kuɗin haya ke fitowa.

Kuɗin da ke aljihunsa a safiyar nan ba nasa ba ne. Shekara biyu matarsa na kitso, yatsunta har sun yi kanta, tana tarawa don ta sayi keken ɗinki.

"Kai za ka je, Baban yara," ta ce da ta miƙa masa. "Ni suna ganina za su ƙara kuɗi. Kai kuwa wa ya isa ya cuce ka?"

Saura layi biyu ya kai shagon kekuna dattijon ya tare shi. Kayansa tsaf, takardar asibiti a hannu, idanu sun yi ja. Ya ce an kwantar da iyalinsa, likita na jiran kuɗi, ga wayar da ɗansa ya aiko masa zai rabu da ita. Injiniya ya karɓa yana murmushin manya. Ya kunna, ya kira lambarsa ta shiga, ya ɗauki hoto, ya duba lambar jikinta. Sabuwa ce fil, ana neman kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta.

Nan take ya buga lissafi: kafin la'asar ya sayar, ya sayi keken, ya soke riba a aljihu. Abin da ya fi ci masa rai daga baya shi ne, sai da ya ƙara matse dattijon ya rage, yana kallon takardar asibitin.

Yana cikin fito da kuɗi wani ya bangaje su, ya ce, "Baba, ɓoye wayar nan, masu fizge na zagaye." Dattijon ya yi wuf ya jefa ta aljihu. Da mutumin ya wuce ya sake zaro ta, ya ɗora wa Injiniya a tafin hannu. Injiniya ya ɗan jinjina ta. Ya sha yin alfahari cewa hannunsa ya fi sikeli, ko ido rufe ya san nauyin kowace waya. Nauyin nan daidai yake, ba ragi ba ƙari. Ya miƙa kuɗin.

Ta bayan layi ya koma shago, kansa a ƙasa. Maƙwabcinsa mai yankan makulli ya ga fuskarsa, ya tsare shi da tambaya har ya ji labari.

"Tashi mu je wurin 'yan sanda da wayar."

"A'a. Bar maganar nan, don Allah."

Mai makulli ya ɗauka girman kai ne. Ai kowa a layin ya san yadda Injiniya ke yi wa masu kawo masa irin wannan waya suna hawaye. Ko buɗewa ba ya yi. Yakan jinjina ta sau ɗaya, ya tura musu abinsu, ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala, almajiran gyara na dariya. Yau ga shi an zo kansa, wanzami kuwa ba ya son jarfa.

Matarsa ta kira sau huɗu bai ɗauka ba. Da azahar sai ga ta da kanta, riƙe da leda. Yadi ne ta sayo, ta ce rigarsa za ta fara ɗinkawa a sabon keken. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige ciki don kunya. Ya faɗa mata komai, idonsa na kan gwangwanin dalma.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye ledar a hankali.

"Buɗe ta mu gani. Kai da kake tayar da matattun wayoyi, ƙila ta gyaru."

"Ba abin gani a ciki."

"Gumina na shekara biyu ne, Baban yara. Buɗe."

Ya ɗauki sukuddireba. Murfin ya ɗago ba gardama. Ciki ba batir, ba inji, sai dalma da aka yanka tsaf, aka auna, aka manne da ƙwarewa, irin ta wayoyin bogi ashirin da yake cika wa mai baƙar jaka bayan labule duk Alhamis. Matarsa ta sunkuya, ta daɗe tana kallon ɗan ɗigon da ke kusurwar dalmar, sannan ta ɗago ta dube shi.

"Wannan ai jan farcena ne."