Mutum Biyu Ranar Lahadi

Tun da aka kafa dokar rushe duk cocin da bai tara mutum biyu ba ranar Lahadi, Saratu ba ta ƙara hutawa ba. Daga aikin jinya take wucewa ta turo tsoho Wilfred, maƙwabcinta, a keken guragu zuwa cocin ƙauyensu a Ingila, tsohon ginin dutse, inda kakanninsa suke kwance ƙarƙashin daɓe.

An sa wa ƙofar cocin na'urar da ke ƙirga masu numfashi da suka shiga. Yau ta ce, "Ɗaya," ta daɗe kafin ta ce, "Biyu."

Wilfred ya ce, "'Yata, fara neman madadina."

"Baba, wa ya rage a ƙauyen nan?"

Ta gyara masa bargo, ta zauna tana sauraron ƙirjinsa.