Alhajin Cikin Tanki

Mu'mina ta zura koma cikin tankin tarwadarta, ta ɗago. Kifin ya sake raguwa. Babu mushe ko ɗaya a saman ruwa, kwaɗon ƙofar baya kuma lafiyarsa ƙalau.

Tun da abincin kifi na buhu ya fi ƙarfinta take haɗa nata a gida: dusar masara, garin zogale, kowar wake, da ɗan ƙuliƙuli don kada a ce babu. Garin kifi na kasuwar Baga kuwa tuni ta yi sallama da shi. Duk wanda ya ce wannan haɗin ba zai ƙosar da tarwada ba, sai ta ja shi bakin tanki ta nuna masa Alhaji, wani ƙaton kifi da ya tsere wa sa'o'insa, ya ajiye tumbi. Nan musu yake ƙarewa.

Mutum ɗaya ke riƙe da mukulli na biyu, Kezia, maƙwabciyarta a unguwar Lamisula, wadda ke watsa wa kifin abinci in Mu'mina ta tafi kasuwa. Katanga ce kawai tsakaninsu. Kezia ce ta zauna da ita har ta gama takabar mijinta. Sai dai Kezia bandar kifi take sayarwa, irin ƙananan nan da ake lanƙwashewa, kuma kwanan nan farantinta ba ya yankewa.

Mu'mina ta yi ta haɗiye maganar har ta zame mata ciwo. Ranar Talata ta kasa. A gaban masu saye ta tambayi Kezia inda take samo kifinta.

"Maman Imran, me kike nufi?"

"Abin da kika ji. Kifi dai ba ya buɗe kwaɗo."

Kezia ta kwance mukullin daga haɓar zaninta, ta ɗora a kan katanga. Kafin azahar magana ta gama unguwa, masu saye sun watse, Bulama mai unguwa ya aiko su zo bayan la'asar.

Sai a lokacin tsoro ya kama Mu'mina, don ba ta da shaida ko ɗaya. Ta san kuma Kezia za ta ce abincin ne ke kashe kifin. To, bari ta dafa Alhaji, Bulama ya gan shi a kwanonsa, ya faɗi da bakinsa ko wannan ya yi kama da mai yunwa.

Da ƙyar ta kamo shi. Tana wasa wuƙa tana jin shessheƙar Kezia ta bayan katanga, ranta na suya, amma ta dake.

Ta tsaga tumbin nan da take alfahari da shi. Babu dusa, babu zogale, sai 'yan tarwadarta biyu a kwance, ɗaya ko gashin bakinta bai narke ba.