Jan goro a bakin Mushe

Shekarata ta farko a kwaleji, wata la'asar mai zafi, Mushe mai koya mana tarihi ya shigo aji da goro cike da baki. Darasin Romawa ne. Ya ce suna da wani ƙaton fili inda ake haɗa bayi biyu da takubba, su yi ta saran juna, jama'a na shewa, har ɗaya ya faɗi.

"Kun san me ke biyo baya?" in ji shi. "Masu farfaɗiya sai su rugo su kafa baki a raunin, su sha jinin da ɗuminsa. Wai magani ne."

Jan ruwan goro ya taru a gefen bakinsa, na kasa ɗauke ido.

A bencin baya Idi ke zaune shi kaɗai, wani yaro ɗan garin Cake mai farfaɗiya, wanda ba mai yarda ya sha ruwa a moɗa ɗaya da shi. Mushe ya nuna shi da alli.

"Idi, ka yi rashin sa'a. Da a Roma aka haife ka, da tuni ka warke!"

Aji ya kece da dariya. Idi ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Mushe ya lashe jan nan da harshe, ya ci gaba da darasi.

Har yau in na ga mai cin goro yana dariya, sai in kau da kai. Su Romawan, ko ba komai, magani suke nema. Mushe dariya kawai yake nema, kuma ya samu.