Gidan da Gwara Ta Ƙi

Ruksar ta ɗaga ɗan gidan tsuntsun, ta juya shi a rana har madubban da aka manna masa suka kashe wa mai rumfar ido. Ta kaɗa 'yar ƙararrawar bakin ƙofarsa, ta shinshina fentin, sannan ta ce a naɗe mata duk irinsa da ke rumfar.

Surukarta Zubeda Bibi, da ke zaune a kujerar mai rumfar, ta taɓe baki. Matar da babban ɗanta Imtiyaz ya kwaso ke nan, mai digiri, wadda ko citta ba ta iya sa wa shayi daidai ba. Kasuwar Lahadi ta bakin kogi cike take da 'yan tukwanen ƙasa masu huji ɗaya, irin waɗanda gwara ke rububi, amma idon sakarar bai sauka ko'ina ba sai kan kayan ɗakin amarya.

"'Yar nan, tsuntsu za ki saukar ko ango?"

"Ammi, lambunki ne fa," in ji Ruksar, kai a sunkuye. "In rataya miki tukunyar ƙasa? Ke da bakinki kika ce kayan ƙauye sai gidanmu."

Zubeda Bibi ta kau da kai. Ta faɗa kuwa, ba sau ɗaya ba.

Abin ya samo asali ne ranar walimar sabon gidan Imtiyaz. Bayan ta kushe miyar wake da labule da shigar Ruksar, sai ta dubi lambun a gaban dangi ta ce gidan da gwara ba ta yi sheƙa ba babu albarka a cikinsa, a tsohuwar unguwarsu ta Ahmadabad har a jikin bango ake bar wa tsuntsu rami. Ta rantse da Allah, in Babbar Salla ta zo babu sheƙa a lambun nan, gidan autanta Sajid za ta koma.

Ba komawar take so ba. Gidan Sajid can ƙololuwar bene yake, matakalarsa kamar maƙogwaron kwalba, ita kuwa gwiwoyinta sun daɗe da yi mata tawaye. So take dai a ga gazawar Ruksar, Imtiyaz kuma ya durƙusa ya roƙe ta.

Ruksar da kanta ta zaɓi inda za a rataya gidajen. Wasu a tsakiyar rana, wasu a bakin ƙofar da ake buɗe wa mota, sauran a jikin katangar da kyanwar maƙwabta ke shan iska. "Don baƙinki su gani da kyau, Ammi." Zubeda Bibi ta ci gaba da jan carbi a baranda tana kallon ikon Allah. Ita ba za ta koya wa mai digiri karatu ba.

Gwara sukan zo. Ɗaya ta sauka, ta ga kanta a madubi, ta kai wa kanta sara, iska ta kaɗa ƙararrawa, sai fir, ta tsallake katanga. Ruksar takan fita wasu safiyoyin, ta ce neman shawara ta je, ta dawo da jar ƙura a gefen mayafi da wani sabon gida da ya fi na jiya walƙiya.

Salla ta zo, lambu na ta ƙyalli, ko tsinke ɗaya tsuntsu bai kai ba.

Dangi na cikin cin shinkafar biriyani Imtiyaz ya ce, "Ammi, ai rantsuwa tana da kaffara. A ciyar da miskinai, shi ke nan."

"Laifina ne," in ji Ruksar tana share ido. "Amma Ammi ba ta taɓa yin magana biyu ba, kowa shaida ne."

Duk idanu suka koma kan tsohuwar. "Ni ba na lashe amaina," ta ce, ta gyara zama tana jiran roƙo na biyu. Wani ya ce a miƙo masa nama. Magana zarar bunu.

Washegari ta hau matakalar Sajid tana haki, tana tsayawa tana kiran sunan Allah. Tun kafin ta kai sama ta ji ciu-ciu. A inuwar baranda, can sama inda kyanwa ba ta kaiwa, 'yan tukwanen ƙasa ne jere, kowace da ciyawa a bakinta, gwara na shiga suna fita.

Ta dafa kafaɗar Firdos, matar Sajid. "Ke kam an haife ki da hankali. Je ki koya wa waccan jakar."

"Ni me na sani a harkar tsuntsu, Ammi?" in ji Firdos tana karɓar akwatin kayan tsohuwar. "Bhabhi Ruksar, matar Yaya, ce ta riƙa zuwa da safe tana rataya su da hannunta, ta kuma gargaɗe ni kada in yarda madubi ko fenti ko ƙararrawa su kusance su, wai babu gwarar da ke zama kusa da irin wannan."